Layin da Ya Raba Unguwarmu da Clinton

Gidanmu yana kudancin garin Clinton, kusa da Washington a Amurka, a wata unguwa da aka gina kan tsohuwar gonar taba. Lokacin da muka tare, gidajen duk kamarsu ɗaya, har sai da matata ta ajiye tukunyar furanni a bakin ƙofa don yara su riƙa gane namu. Bayan katangar katakonmu akwai ɗan rafi, daga rafin kuma gari ya ƙare. Abin da ya biyo baya gonaki ne da daji, da tsofaffin rumbunan shanya taba da rufinsu ya fara zubewa, da ƙananan coci-coci na katako. Mai aiki a Washington irina, wanda kullum arewa yake fuskanta, zai iya shekara biyar a nan bai san da wannan ɓangaren ba.

Ni ragon layya ne ya kai ni. Wani ya yi mini kwatancen wani dattijo mai kiwon tumaki da awaki, na bi wata siririyar hanya har na iske shi yana gyaran shinge. Baƙar fata ne, ɗan ƙasar, dogo, ya haura saba'in, yana tafiya a hankali saboda ciwon gwiwa. Gonar ta kakan kakansa ce, wanda ya mallake ta bayan an 'yanta bayi. Ya tsaya yana kallona na buɗe bakin rago ina duba haƙora.

Ya ce, "Kai ka taɓa kiwo."

Na ce, "Mahaifina dai. Ni kallo na yi."

Daga ranar na riƙa zuwa ko ba salla, in sayi ƙwai da kuɓewa. Da ya ji aikina zanen magudanan ruwa ne a kan taswira, sai ya laƙaba mini Injiniya. Ni kuma Baba nake ce masa. Da farko dariya abin yake ba shi, daga baya ya saba.

Kowace shekara goma ana ƙidayar jama'a a Amurka. Bayan ƙidaya sai a sake yanka mazaɓu, don kowane kansila a majalisar gunduma ya wakilci mutane kusan daidai da na ɗan'uwansa. Majalisar nan ita ke da ta cewa a kan ƙananan hanyoyi, da izinin gini, da inda za a ajiye motar kashe gobara. Duk wannan daga baya na sani. A lokacin na yi 'yan shekaru da zama ɗan ƙasa, na zaɓi shugaban ƙasa, amma ko sunan kansilana ban sani ba.

Wata Asabar, a shekarar da ta biyo bayan ƙidaya, na je karɓar ƙwai, Baba ya ce in dakata. Ya ɗauko wata takarda daga cikin a-kori-kurarsa ya shimfiɗa a kan murfin inji, ya danne gefenta da guduma. Taswirar gunduma ce, kowace mazaɓa da launinta.

Ya ce, "Dubi nan ƙasa, inda muke. Launi nawa ka gani?"

Na ce uku.

"To. Kowace mazaɓa kanta yana cikin gari, jelarta ce ta sauko mana. Kansila uku gare mu, kuma babu wanda a cikinsu zai faɗi zaɓe don mun yi fushi."

Ya ba ni labarin kwalbatin da ke kan hanyarsu, wanda ruwa ke cinyewa duk lokacin da aka yi mamako. Hanyar ita ce iyakar mazaɓu biyu, saboda haka duk ofishin da suka kira sai a karɓi saƙo da fara'a, a ce za a tuntuɓi ɗayan. Ranar da matarsa ta yanke jiki ta faɗi a kicin, hanyar a rufe take, motar asibiti ta yi dogon zagaye. Matar ta rayu shekara biyu bayan nan, hannu ɗaya ba ya aiki.

Ya ce, "Ban ce da sun zo da wuri da ta warke ba. Ban sani ba. Likitan ma ya ce bai sani ba."

Abin da yake so a wurina shi ne: kwamitin da aka naɗa don yanka mazaɓu yana karɓar taswira daga hannun kowa, muddin an zana ta a shafinsu na intanet. Su manoma sun yi zama biyu a coci, sun san abin da suke so, a haɗa gonakin duka a mazaɓa ɗaya. Amma babu wanda ya iya da kwamfutar. Na ce zan duba. Ban yi alkawari ba.

A hanyar komawa gida na tuna ƙauyen mahaifina. Ina yaro aka ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi, aka cire ƙauyen daga garin da suke cin kasuwarsa tun kaka da kakanni, aka liƙa shi da wani gari da sai an ƙetare kogi. Dattawa suka yi hayar mota suka je koke, aka bar su a gindin darbejiya har la'asar, sannan aka ce mai ganinsu ya yi tafiya. Mahaifina ya rasu yana kiran tsohon garin da sunan hedikwata. Ban taɓa tunanin wani ne ya zauna da fensir ya ja wannan layin ba sai ranar.

Kwana shida bayan haka, bayan sallar Juma'a, Alhaji ya ce in biyo shi gida. Alhaji likita ne, Bakatsine, ya zo ƙasar nan tun ina sakandare. Shi ya ɗauko ni a filin jirgi ranar da na sauka, a ɗakin ƙasan gidansa na yi watannina na farko, shi ya raɗa wa 'yata ta fari suna. Na tarar da falonsa cike: mutanenmu na masallaci, da wasu ma'aikatan jinya 'yan kudancin Kaduna, da 'yan Nijar biyu, da 'yan Gana. Ban taɓa ganin mun haɗu haka ba in ba a gidan rasuwa ba. An kawo shinkafa da miya, ana ci Alhaji yana bayani.

Cikin taswirorin da kwamitin ya fitar akwai wadda ta tattara unguwannin Clinton da mutanen Afirka ta Yamma suka fi yawa a mazaɓa ɗaya, har da tamu. Akwai kuma wata lauya 'yar Filato, tana zaune a gefe tana saurare, wadda ta yarda za ta tsaya takara idan taswirar ta wuce. Alhaji ya ce shekara da shekaru muna neman izinin filin maƙabarta, takardar tana yawo daga tebur zuwa tebur don ba mu da kowa a ciki. Duk wanda ya rasu sai an yi doguwar tafiya da shi, ko a sa shi a jirgi.

Sannan ya juyo wajena. "Kai ka san taswira. Ranar sauraron jama'a kai za ka yi bayanin layukan, ni in yi na mutane."

Na ce, "To, ranka ya daɗe." Bakina ne ya faɗa kafin in yi tunani, kamar yadda ya saba a gabansa.

Na ɗauka zan iya gamsar da kowa. Asabar uku a jere, daga sallar asuba har hantsi, ina kan teburin cin abinci da kwamfuta. Aikin ba wuya: ka taɓa yanki, ya ɗauki launin mazaɓar da kake ginawa, adadin mutane a gefe ya ƙaru. Na haɗa gonakin kudu duka, fili mai faɗi ƙwarai, amma adadin bai ko kusa kai abin da doka ta nema ba. Dole a ɗebo mutane daga gefen gari a cika. Na gwada ta gabas, kogi ya tare ni. Na gwada ta yamma, mazaɓar ta fito doguwa da wuya siriri kamar ƙadangare, irin wadda ko ni ne a kwamitin ba zan kalle ta sau biyu ba. Hanya ɗaya ce mai tsabta: a ɗauki unguwanni uku da ke bakin rafi. Tamu ce ta farko, sauran biyun kuma cike suke da mutanenmu. Idan aka cire su, taswirar Alhaji ta rushe.

Matata ta dawo daga aikin asibiti ta tsaya a bayana da jakarta a kafaɗa. Na nuna mata. 

Ta ce, "Wacce ce daidai?"

Na ce, "Duka biyun."

"To wacce za ka miƙa?"

Na ce mata ta manoma, don mu a Clinton, ko an raba mu, muna nan cikin gari, hanyoyinmu da kwalta, asibiti a kusa. Su kuwa in aka bar su a rabe, sai bayan wata shekara goma, kuma Baba ba shi da shekara goma ta jira. Ban tabbata hujjar ta isa ba, amma a kanta na tsaya.

Ta ce, "Maigida, ka je ka gaya wa Alhaji da bakinka, kafin ya ji a waje."

Sai da na yi mako guda ina ja da baya. A cikin makon na kai wa manoman taswirar a cocinsu. Mutum wajen ashirin ne, baƙaƙe da farare, a kan kujerun ƙarfe. Wani Bature mai gonar waken suya ya miƙe ya ce waɗannan sababbin unguwannin su ne suka cinye gonaki tun farko, don me za a jawo su cikin mazaɓar manoma?

Baba ya ce, "Don ba mu isa ba mu kaɗai. Ba so ba ne, lissafi ne."

Mutumin ya dube ni ya ce, "Kai daga ina kake?"

Na ce daga ɗaya daga cikin unguwannin. Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. Amma da aka ce a ɗaga hannu, ya ɗaga.

Alhaji na same shi ranar Lahadi da yamma yana ba tumatirinsa ruwa a bayan gida. Na gaishe shi, na tambayi iyali, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Bai katse ni ba, bai kuma daina ban ruwan ba.

Da na gama ya ce, "Mutumin nan da kake sayen rago a wurinsa, in ya mutu, ina za a binne shi?"

Na ce a bayan cocinsu, kusa da matarsa.

"Kusa da ubansa da kakansa. Ni fa?"

 Sai na ce filin maƙabartar ma ai a yankin gonaki zai kasance, kuma kansilan yankin ne zai fi ƙarfin magana a kai, don haka gara muna da ƙuri'a a can.

Ya ce, "Wannan a mota ka shirya ta kana tahowa." Gaskiyarsa ne.

Ya kashe famfo, ya naɗe tiyo a hannu. "Ba zan hana ka ba, kai ba yaro ba ne. Amma in ka tashi magana, kada ka ce da yawunmu kake yi."

Na ce, "Ba zan ce ba, ranka ya daɗe."

Ya tsinko mini tumatir cikin leda ya ce in kai wa maiɗakina.

An yi sauraron jama'a ranar wata Asabar da safe a zauren taron wata makaranta. 'Yan kwamitin suna jere a kan dogon tebur, gaban mai magana kuma akwai 'yar fitila da ke komawa ja in lokacinsa ya cika. Mutanenmu sun zo da yawa, sun zauna a hagu, mata da gyale, wasu da kayan asibiti. Manoma suna dama da hulunan hana-salla. Na rasa inda zan zauna, na tsaya a baya kusa da ƙofa.

Alhaji ya yi magana cikin babbar riga fara, kuma ya yi ta da kyau. Ya ce mutanen da ke jinyar tsofaffin gundumar nan, suna tuƙa motocinta, suna koyar da 'ya'yanta, sun cancanci a ƙirga su wuri ɗaya. Bai taɓa manoma ba ko da kalma ɗaya. Baba kuwa bai ambaci matarsa ba. Takarda ya ciro ya fara karanta sunayen hanyoyin da ke rufewa in an yi ruwa, da launin mazaɓar kowacce. Fitila ta yi ja bai gama ba. Ya ninke takardar ya ce sauran suna nan in ana so, ya koma ya zauna.

Da aka kira ni, na ce da yawun kaina kaɗai nake magana. Na nuna taswirar, na yi bayanin abin da ya sa gabas da yamma ba su yiwu ba, na ce gidana yana cikin waɗanda za a matsar, kuma na yarda. Babu wanda ya tafa. Wata mata a kwamitin ta tambaye ni me ya sa na bi rafi maimakon babbar hanya, na ce don rafin ba ya ratsa kowace unguwa. Ta rubuta. Ina komawa baya na ga lauyar nan 'yar Filato tana kallona, ba da fushi ba, kamar dai tana ƙoƙarin tuna inda ta san ni.

Watanni suka wuce. Kwamiti ya miƙa wa majalisa, majalisa ta yi nata gyare-gyaren, taswirar da ta fito daga ƙarshe ba tawa ba ce, ba kuma ta Alhaji ba. An haɗa mafi yawan gonakin a mazaɓa ɗaya, an bar wani yanki na bakin kogi a wata. Cikin unguwanni ukun, tamu kaɗai aka ɗauka, aka cika sauran da wata unguwa mai nisa da ban taɓa tunaninta ba. Gonar Baba ta shiga sabuwar mazaɓar. Cocinsu, da ke ƙetaren titi, bai shiga ba. Da na je na nuna masa, ya yi dariya har ya dafa shinge.

Ya ce, "Da jela uku muke, yanzu biyu. Ka san tsawon lokacin da na yi ina jiran biyu?"

Lauyar ta tsaya takara duk da haka, ta faɗi a zaɓen fidda gwani. Na ji ana cewa da ƙuri'un unguwarmu suna ciki da ta kai labari. Sakamakon yana nan a fili, rumfa-rumfa, zan iya zama in lissafa cikin rabin awa. Ban yi ba har yau.

Alhaji bai canza mini fuska ba. Muna gaisawa a masallaci, yana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya canza shi ne ya daina cewa in biyo shi gida bayan Juma'a, kuma sai da aka shekara da wani abu kafin ya sake faɗa. Ranar ma maganar auren ɗan wani muka yi. Wasu daga cikin mutanenmu sun fi shi riƙo. Akwai wanda har yanzu in ya gan ni sai ya ce, "A'a, mutanen ƙauye, yaya gona?" Nakan ce lafiya lau. Takardar maƙabarta tana nan inda take.

Sabon kansilanmu ba manomi ba ne. Tsohon malamin makaranta ne da ke zaune a gefen gari, amma ya san da ƙuri'un kudu ya ci, kuma yana nuna ya sani. An gyara kwalbatin a shekararsa ta biyu. Ko taswira ce ta gyara shi, ko kuwa dama layinsa ne ya zo, ban sani ba. Na tambayi wani da ke aikin hanyoyi, ya ce shi ma ba zai rantse ba.

Kansilan yana zama da jama'a sau ɗaya a wata a ɗakin taron 'yan kashe gobara na sa-kai. Na je sau ɗaya, da yammacin wata Talata. Mutum goma sha wani abu ne, da kofi a kofunan takarda. Awa ɗaya da rabi aka yi ana maganar bareyi: yadda suke cinye waken suya tun yana tsiro, da wanda aka yarda ya harbe su, da watan da aka yarda, da tazarar da za a bari daga gidajen mutane. A nan ne Baturen nan mai waken ya juyo ya nuna ni, ya ce ga ɗaya daga cikin masu gidajen, a tambaye shi. Kowa ya juyo. Na ce namu furannin ma ba su bari ba, amma yara suna wasa a bayan gidaje har magariba, a yi la'akari da wannan. Kansilan ya rubuta, ya tambaye ni ƙarfe nawa motar makaranta take sauke su. Na faɗa masa. Daga nan aka koma maganar wani kare da ke kashe kaji, ni kuma na fita don kada magariba ta wuce ni a hanya.